Kujerunsa Uku

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

Mun dawo gida daga asibiti, alhamdulillahi. Da ƙafarsa Baban yara ya hau matakalar ƙofa, 'yarmu Auta tana riƙe da shi ta hagu, ni ina bayansu da ledar magunguna da filo. Ya sha shayi rabin kofi. A kofin roba mai mariƙi na zuba masa.

Likita ya faɗi sunan abin sau biyu, na ji, na kuma gane. Ba sai na rubuta shi a nan ba.

Maƙwabta sun shigo dubiya, ya ce a ce yana barci. Na ce musu yana kwance, don a kwancen yake.

Talata, 4, da hantsi

Yau ya yi magana mai tsawo, bakin ya fara daidaita. Ya ce, "Malama, ina da kujeru uku a garin nan."

Na ce, "Waɗanne irin kujeru, Baban yara?"

Ya ce waɗanda yake zama a kai in zai kaɗa ganga. Ɗaya a otal, inda suke wasa ranar Laraba. Ɗaya a tsohuwar silima, ta Asabar. Ɗaya a wani lambu a bayan gari, ta Lahadi da yamma. Ya ce in je in kwaso su duka in zuba a ɗakin ajiya.

Na ce ko a aiki mijin Auta. Ya ce, "Mijin Auta kafin ya kai titi duk gari ya ji. Kuma ba na son makaɗi ko ɗaya ya tako gidan nan ya tsaya a kaina yana girgiza kai. Ke za ki je."

Shekararmu ashirin da shida da aure, ban taɓa taka wurin da yake kiɗa ba. Tun farko muka raba: ni da karatuna da matan da nake koya wa Alƙur'ani a falo, shi da sandunansa a waje. Bai taɓa shigo min da ganga gida ba, ni kuma ban taɓa yi masa wa'azi yana cin abinci ba. A haka muka rayu, kuma lafiya lau.

Na ce, "Zan je."

Laraba, 5, bayan azahar

Na je otal da safe, bayan na sallami matan. Maigadi ya nuna min ƙofar baya, ta wajen kicin, sai matakala ta gangara da ni ƙasa. Duk tsawon shekarun nan ban san me nake zaton gani ba. Abin da na tarar shi ne ɗaki babba babu taga, kujeru a kife a kan tebura, warin taba da na sabulun wanke ƙasa, da wata baiwar Allah tana goge-goge da takalmin roba. Ta amsa sallamata cikakkiya.

Can a kan dandamali wani dogon mutum yana zaune yana share wani ƙaho na ƙarfe mai lanƙwasa. Na faɗi wadda nake. Ya yi zumbur ya miƙe, har ƙahon ya kusa faɗuwa.

"Matar Agogo! Wallahi matar Agogo ce! Malama, sannu da zuwa. Ya jikin nasa?"

Na ce da sauƙi, na kuma tambayi wane ne Agogo. Ya yi dariya har da dafa ciki. Ya ce mijina ne. Wai shekara talatin bai taɓa gaggawa a kiɗa ba, bai taɓa makara ba, in agogon bango ya saɓa da shi to agogon ake kai wa mai gyara. Shi kuma Dogo ake ce masa, shi ne shugaban ƙungiyarsu.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Dariyar ta ɗauke. Ya kai ni bayan ganguna, ya sauko da ita daga saman wani akwati. 'Yar kujera ce mai ƙafa uku, kanta zagayayye da fata. Ya ce Baban yara da kansa ya yanke ƙafafun daidai gwiwarsa.

"Malama, bari in gaya miki yadda abin yake, don na san bai gaya miki ba. In kujerar nan ta fita ta ƙofar can, Laraba ta fita daga hannunsa, ko ni ba zan iya dawo masa da ita ba. In kuwa tana nan, wani daga gidansa yana zuwa duk mako ya sauke ta ya goge ya mayar, to duk wanda ya zauna bayan gangunan nan riƙo yake yi masa. Haka muka tarar, haka ake yi a ko'ina."

Na juya ta. Fatar ta loɓa ta gefen dama, yadda yake karkacewa in yana zaune a gida. A ƙarƙashi an ɗaure mahaɗin ƙafafun da ƙyalle don kada ta yi ƙara. Shuɗin mayafina ne, wanda na nema na gaji shekara biyar da suka wuce, har na zargi mai wanki a zuciyata. Allah ya yafe min zargin.

Na ciro hankici na goge ta. Na miƙa wa Dogo ya mayar.

Da na dawo gida Baban yara ya ce, "Kin je?" Na ce, "Na je." Ya juya fuskarsa bango.

Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 7, da magariba

Ya ci abinci sosai. Ƙwallon robar da nas ta ba shi ya riƙa matsawa tana ƙarƙashin gado, na ciro ta sau uku.

Asabar, 8, bayan la'asar

Tsohuwar silima. Sai da na zagaya ginin sau biyu kafin na iya shiga, don a nan ne abin ya faru.

Ashe wuri ne mai kyau. Rufin yana da tsawo kamar na tasha, fankoki na reto a dogayen sanduna, kujerun gaba duk an cire an bar fili. Tantabaru sun yi gida a inda hasken majigi yake fitowa da. Na tarar suna gwaji da rana tsaka. Mawaƙiyarsu, wata ƙatuwar mace mai ɗankwali ja da suke kira Gimbiya, ta ajiye makirufo ta sauko ta rungume ni kamar uwa ɗaya ta haife mu.

"Yayata! Shekara ashirin ina jin Malama ta ce, Malama ta ce, na zaci wata dodanniya ce mai bulala. Ashe 'yar mitsitsiya ce haka!"

Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo min ruwa mai sanyi. Sai ta fara: "Ranar nan, muna tsakiyar waƙa ta huɗu, kawai na ji bayana babu kowa. Na waiga, sai na ga sandar…" Na ɗora hannuna a kan nata. Ta yi shiru. Mace ce mai hankali duk da hayaniyarta.

Na goge kujerar. Wannan ta fi ta otal nauyi.

Da zan fita suka koma gwajinsu, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara takalmi, kuma gyaran ya ɗan daɗe. Wanda yake riƙe wa Baban yara ganguna mutum ne mai furfura a gemu, zaune a kan akwatin lemo da filo. Mai Riƙo suke ce masa, a nan da otal duka shi ne. Ban san komai a kiɗa ba, amma na ji yana gudu. Ni da nake wuni ina ce wa mata, ja nan biyu, ja nan huɗu, kada ki yanke, ina lanƙwasa musu yatsu. Astagfirullah, ba haɗa su nake yi ba. Kunne ne dai, shi kuma ba ya zaɓar inda zai yi aiki.

"Kin je?" "Na je."

Lahadi, 9, bayan magariba

Bas biyu ake hawa zuwa lambun. Na biyun ya bi ta bayan masana'antu, ya wuce gada, sai ga gonaki. Na zauna ta taga, iska tana kaɗa min mayafi. Na manta rabon da in yi tafiya ni kaɗai ba zuwa asibiti ko gaisuwar mutuwa ba. Na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Lambun na wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Manyan bishiyoyi, benci-benci, rumfar kwano a tsakiya, nan ne dandamalin. Ba a sayar da komai sai shayi da lemo. Mutane da iyalansu suke zuwa su shimfiɗa tabarma, ana tashi kafin magariba don tsohon ya ce lantarkinsa ba na kowa ba ne. Akwai famfo da buta da wurin salla a bayan rumfar, an share shi tas.

Mai Lambu ba ya ji sosai, sai an ɗaga murya, ni kuwa ban iya ba. Da kyar muka fahimci juna. Ya ce kujerar Agogo ba ta taɓa kwana a waje ba, a ɗakinsa yake ajiye ta kusa da rediyonsa. A nan ba su sa kowa a madadinsa ba ma. Dogo da mai jita suke yi, Gimbiya tana tafa musu da hannu.

"Ki gaya masa ya yi sauri," in ji tsohon. "Tafin matar nan yana kore min tsuntsaye."

Na yi la'asar a can. Na dawo da lemon tsami cike da leda, kyautarsa. Baban yara ya kalli ledar, ya san daga inda ta fito. Bai tambaya ba.

Talata, 11, da safe

Ya yi alwala shi kaɗai. Ya jiƙa rigarsa har ciki, ya hana in taimaka. Alhamdulillahi.

Laraba, 12, bayan azahar

Otal. Na ce masa zan fita, bai ce ina ba. Mai goge-gogen nan ta roƙe ni in duba mata karatun tahiya, wai tana tsallake wani wuri tun tana yarinya kuma tana jin nauyin tambayar limamin unguwarsu. Muka zauna a matakala muka gyara. Ko don wannan zuwana bai zama banza ba.

Alhamis, 13, bayan la'asar

Yaya Babba ta zo, yayarsa da suke ciki ɗaya. Ita kam ba a ce mata yana barci. Ta shiga ta yi masa faɗa a kan gishiri, ta fito ta zauna da ni a kicin.

"Malama, ai sai godiya. Allah ya amsa addu'arki. Na san kin daɗe kina roƙon a raba shi da kaɗe-kaɗen nan, ni ma haka. To ga shi an raba. Ya zauna ya riƙe carbi, ai ya isa."

Na tashi na duba ruwan da ke kan wuta, wanda ba ya bukatar dubawa. Na cika mata leda da lemon tsami, na raka ta har titi.

Juma'a, 14, bayan asuba

Ba haka na roƙa ba. Allah ya san ba haka na roƙa ba.

Asabar, 15, da yamma

Silima. Gimbiya ta ce in zo mata da irin turaren da nake sawa. Ta tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Ta ce, "Da sauƙin asibiti ko da sauƙin gaske?" Na ce tsakani.

Gobe lambu. Na lura tun Alhamis nake ɗokinsa.

Talata, 18, bayan azahar

Yau ina falo da matan, Maman 'Yan Biyu tana biya karatunta, sai na ji wani ƙas-ƙas daga ɗaki. Na zaci ɓera ne. Na saurara. Yatsu ne a jikin katakon gado. Hannun dama yana tafiya tiryan-tiryan, ba ya kuskure. Can sai ga na hagu a bayansa, mai nauyi, yana zuwa a makare kamar mai jan ƙafa. Ya zo, ya ɓace, ya sake zuwa.

Maman 'Yan Biyu ta yi kuskure biyu ban gyara mata ba, sai da ta kusa ƙarasa shafin na sa ta koma. Na nemi afuwarta, ba ta san dalili ba.

Da na kai masa abinci hannuwansa biyu suna ƙarƙashin bargo.

Laraba, 19, bayan la'asar

Yau ban dawo da sauƙin zuciya ba.

Na gama goge kujerar otal ina hawa matakala, sai Mai Riƙo ya biyo ni. Ya cire hularsa, ya gaishe ni da ladabi. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana kiɗa a garin nan, bai taɓa samun kujerar kansa ba, kullum riƙo. Yanzu wata ƙungiya a wani gari ta neme shi, suna son amsa kafin ƙarshen wata. In ya tafi sai ya cire 'ya'yansa mata biyu daga makaranta, ya bar mahaifiyarsa wurin ƙaninsa.

"Malama, ba fata nake yi masa ba, Allah ya sani. Shi ya koya min riƙe sanda. Amma kowa ya ce ke ba kya ƙarya. Zai dawo?"

Na buɗe baki. Na ce, "Ban sani ba."

Ya ce, "Shi me ya ce?"

Na ce ya ba ni kwana uku.

A bas na yi ta juya abin. Mako biyu ina ce wa kaina ban yi ƙarya ba. To me na yi? Mijina yana kwance yana zaton ya sallama, bayin Allah suna can suna zaton yana zuwa, wannan kuma yana kan akwatin lemo da furfurarsa, duk saboda hankicina. Da ɗaya daga cikin ɗalibaina ce ta kawo min wannan ta ce ba ƙarya ba ne, na san abin da zan ce mata.

Alhamis, 20, bayan azahar

Na gaya masa. Na zauna a bakin gado na faɗi komai, tun daga Dogo har Mai Riƙo.

Sannan ya ce, "Mako biyu kina bin gari kina share min kujera kamar mai share kabari."

Na ce, "Ka ce in kwaso, ban kwaso ba. Na kuma bar ka kana zaton na kwaso. Laifi biyu ne, na san su duka. Ka yafe min."

"Kin bar mutane suna jira na. Ni? Da wannan?" Ya ɗaga hannun hagu da ɗayan, ya sake shi ya faɗi kan bargo. "Ke da ba ki taɓa son kiɗan nan ba, Malama. Me ya shafe ki?"

Na ce, "Har yanzu ban ce ina so ba. Amma ranar Talata na ji hannun nan a jikin gado. A makare yake zuwa, amma yana zuwa."

Ya ce in fita in ja masa ƙofa.

Juma'a, 21, da magariba

Bai yi min magana ba. Ya cinye abincinsa.

Asabar, 22, da hantsi

Ina share ɗaki ya ce da bango, "Shi Mai Riƙon, yana gudu ko?"

Na ce, "Yana gudu. Ya fi yi in waƙa ta zo ƙarewa, kamar mai son kama bas."

Ya juyo ya kalle ni, irin kallon da ya yi min ranar da aka kawo ni gidan nan. "Wa ya gaya miki?"

"Babu kowa. Ina bakin ƙofa ina gyara takalmi."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Na ci gaba da shara. Can ya ce, "Otal awa huɗu ne ba hutu. Silima ta fi. Ko na warke, ba bana ba. Ki je ki ɗauko su biyun. Ki ce wa Mai Riƙo kada ya sayi kujera a kasuwa, ya yanka da kansa, ya auna daga gwiwa zuwa ƙasa yana sanye da takalmin da zai yi wasa da shi. Ki ce in ji ni, ya riƙa numfashi ta hanci, shi ke sa shi gudu."

Na ce to. Na jira. Na ce, "Ta lambu fa?"

Ya gyara bargo. "Nisa gare ta. Bas biyu. Ki bari sai kin huta."

Na ce to.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Na ɗauko su a tasi. Dogo da kansa ya ɗauki ta otal har bakin titi, ya tsaya yana share hanci yana cewa mura ce. Gimbiya ta yi kuka da ƙarfi, ta zagi ciwon, ta zagi Dogo da bai yi mata komai ba, sannan ta tambaye ni turarenta. Mai Riƙo ya durƙusa har ƙasa. Na isar masa da saƙon kalma-kalma, har na hancin.

Suna ɗakin ajiya, a bayan buhun gawayi. Na lulluɓe su.

Zuciyata wasai. Na yi mamaki.

Litinin, 24, bayan azahar

Bayan matan sun tafi ya ce in sauko masa da jakar da ke saman kabad. Sanduna ne a ciki. Ya ɗora filo a cinyarsa.

Na ce, "Baban yara, da alkawari tsakaninmu."

Ya ce, "Ganga muka ce. Wannan ganga ce? Ki tambayi duk malamin da kike so, filo filo ne."

Ya ce in zauna a gabansa in ƙirga masa huɗu-huɗu da yatsu, duk inda hagun ya makara in ce. "Su Dogo za su ce min ya yi kyau don tausayi. Ke ba ki iya ba."

Sandar ta faɗi sau tara. Sau tara na ɗauko.

Alhamis, 27, da yamma

Yau sau huɗu sandar ta faɗi. Ya yi gumi kamar mai faskare. Ya ce ina ƙirga kamar mai jiran biyan bashi, in ɗan saki fuska. Auta ta zo ta same mu a haka, ta tsaya a ƙofa da baki buɗe. "Umma! Ke ce?" Na ce ta rufe baki ta je ta ɗora ruwan zafi.

Lahadi, 30, bayan magariba

Na je lambu ni kaɗai na goge kujerar. Wannan karon da saninsa, har ya ce in gaya wa tsohon ya daina ajiye ta kusa da taga, rana tana busar da fatar. Sai da na faɗa sau uku kafin ya ji, mutane suna ta waigowa. Ban taɓa ɗaga murya haka ba a rayuwata.

Laraba, 3 ga sabon wata, da safe

Jiya bai taɓa sandunan ba. Ya ce banza ne, in mayar da su saman kabad. Na ajiye su a kan tebur. Yau kafin in gama karin kumallo na ji filo yana shan duka.

Lahadi, 7, bayan magariba

Mun je tare. Ya ƙi tasi, ya ce bas ɗin da nake hawa zai hau. A na biyun wani bawan Allah ya tashi ya ba shi wuri, ya zauna bai yi gardama ba, na gode wa Allah a zuciyata.

Da muka shiga lambun babu wanda ya yi ihu, Dogo ya riga ya ja musu kunne. Mai Lambu ne kawai ya fito da kujerar a ka, yana cewa da ƙarfi, "Ka rame!" Gimbiya ta ce, "Baba, a hankali mana." Ya ce, "Me? Eh, ya yi baƙi ma."

Na shimfiɗa tabarmata can gefe, kusa da famfo, inda zai iya ganina. Ban ce halal ba, ban ce haram ba, wannan na malamai ne kuma zan ci gaba da tambaya. Ni dai mijina na zo saurare.

Ya zauna. Ya daɗe yana gyara zama. Ya ɗaga sanda ya buga huɗu, suka shiga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk shekarun nan. Ashe akwai wata fuskar da yake fita da ita ya dawo ya bar ta a waje.

Waƙa biyu ya yi, masu sanyi. A ta farko sandar hagu ta suɓuce, ta gangara har gaban rumfa. Wata mata ta ɗauko ta miƙa masa, hannun dama kuwa bai tsaya ba ko kaɗan. A ƙarshen ta biyu ya ajiye sandunan da kansa, ya ce ya isa.

Suka yanyame shi. Dogo yana cewa wallahi kamar ba a yi komai ba, Gimbiya tana cewa ya fi da. Ya bar su suka gama, ya tako a hankali har bakin tabarmata, su duka suna biye da shi.

"Malama, nawa?"

Na ji kunya, idanu sun yi min yawa. Na ce, "A ta farko sau biyar ka makara, ban da faɗuwar sandar. A ta biyu sau biyu."

Dogo ya ce, "Haba Malama! Ki ji tsoron Allah!"

Baban yara ya ce, "Tsoronsa take ji. Amma a ta biyu sau uku ne, na ƙirga."

Na ce, "Ɗayan ba kai ba ne. Mai ƙaho ne ya riga ka shiga."

Gimbiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Dogo ya ce shi daga yau ya daina gaishe ni. Mai Lambu, da bai ji ko ɗaya ba, ya dafa kafaɗar Baban yara ya ce, "To, in shigar da ita ɗaki, ko tafiya za ku yi da ita?"

Ya sunkuya saitin kunnen tsohon, ya ɗaga murya yadda duk lambun ya ji.

"Shigar da ita. Mako mai zuwa uku zan yi."